Yap Ah Loy da Kuala Lumpur: baƙon da ya raya gari, mai gari ne ko har yanzu baƙo?

Bakatsine_KL:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da maganar da nake so mu baje ta a faifai, musamman malamanmu na tarihi da 'yan kasuwarmu mazauna ƙasashen waje. Akwai wani mutumin China mai suna Yap Ah Loy, ɗan ƙabilar Hakka, an haife shi a 1837 a yankin Huizhou na lardin Guangdong. Ya sauka Malacca, a ƙasar Maleshiya ta yau, a 1854 yana ɗan shekara 17, ko sisi babu a aljihunsa. Ya yi leburanci a ramin kuza, ya yi yaron shago, ya yi kuku. A 1868 ya zama shugaban Sinawan Kuala Lumpur, sarautar da suke kira Kapitan, kuma ya riƙe ta har ya mutu a 1885. A tsakanin nan an ƙone garin ƙurmus a yaƙi, gobara ta cinye shi, ambaliya ta share abin da ya rage, kuma duk shi ne ya tsaya tsayin daka aka sake ginawa. Amma yau titin da aka sa wa sunansa a tsohon gari ɗan guntu ne, taku kaɗan ka fita daga cikinsa. Ni dai a wurina mutumin nan shi ne uban garin, kuma an tauye shi ne don baƙo ne. Wa ke da ja?

Malam_Tarihi:
Wa alaikumus salam. Ni ina da ja, ƙanena, amma ba a kan komai ba. Yap Ah Loy bai kafa Kuala Lumpur ba, ya tarar da ita ne. A 1857 Raja Abdullah, basaraken Malay mai riƙe da Klang, ya tura leburori Sinawa 87 suka haura kogi neman kuza a Ampang. Zazzaɓin cizon sauro ya kashe mafi yawansu cikin ɗan lokaci, sai aka sake turo wasu. Inda kogin Klang da kogin Gombak suka haɗu nan kwale-kwale ke sauke kaya, nan kasuwa ta fara. Kapitan na farko Hiu Siew ne, na biyu Liu Ngim Kong, shi Yap na uku ne, kuma sai 1862 ya iso garin. Ga kuma Sutan Puasa, ɗan kasuwa daga mutanen Mandailing na Sumatra, wanda ke zaune a wurin tun da wuri, har wasu masana ke cewa shi ya fi cancanta a kira wanda ya kafa garin.

Bakatsine_KL:
Na ji, Malam, Allah ya ƙara sani. Amma abin da ya tarar me ne? Bukkoki ne na katako da ganyen kaba, irin sansanin ma'adinai da ake tashi a bari in kuza ta ƙare. Irin wannan sansani nawa ne a Selangor, masarautar da garin ke ciki a lokacin, da yau ba wanda ya san sunansu? Garin kuza na Lukut ya fi Kuala Lumpur (KL) girma da suna a lokacin. Yau ina yake?

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ni abin da ya tsaya mini shi ne yadda kuku ya zama mai gari cikin shekara goma sha huɗu. Wani ya ba mu labarin tsakiyar, don a nan darasin kasuwa yake.

Ɗan_Kurmi:
Hajiya, tsakiyar ba daɗin ji gare ta ba. Da ya zo, wani ɗan'uwansa ya ɗauke shi aiki a shago a Kesang. Bayan kamar shekara guda ya ga yaron ba zai yi ba, ya ba shi kuɗin jirgi ya ce ya koma gida. Yana jiran jirgi a Singafo ya zauna teburin caca, aka cinye kuɗin kaf. Kunya ta hana shi komawa wurin ɗan'uwan, sai ya taka a ƙasa har Lukut. A can ya yi girki a ma'adinai, ya tara ɗan abin da ya tara, ya shiga fataucin aladu: ya kai su sansanonin leburori, ya karɓi kuza, ya sayar wa dillalai. Daga nan ya shiga hidimar Kapitan na Sungai Ujong, aka yi faɗa a 1860 aka kashe ubangidan nasa, shi kuma ya tsira da rauni a cinya. Abokinsa Liu Ngim Kong ne ya kira shi KL ya riƙe masa ma'adinai. Kafin Liu ya mutu, Yap ya riga ya mallaki ramukansa, ya buɗe shagon magani, mutane sun san shi da cika alkawari da kuma rashin tsoro.

Ummu_Khalil:
Tsaya tukuna. Caca, aladu, faɗa. Kuma ba ku faɗi sauran ba. Babban kuɗin shigar waɗannan Kapitan ɗin daga ina yake? Daga ofiyom ne, wato abin mayen nan da ake zuƙa, da gidan caca, da giya, da gidajen karuwai, da jingina. Shi Yap yana da rumfar caca a tsakiyar kasuwarsa, dare da rana ba ta rufewa. Leburan da ya biya da safe, shi zai karɓe kuɗin da dare. Wannan ne za mu ce uban gari? Ni ban ga abin yabo ba wallahi.

Na_Damagaram:
Ina bayan Ummu Khalil. Kuma shugaban ƙungiyar asiri ne, Hai San. A lokacin yaƙi yana biyan lada a bakin kasuwa ga duk wanda ya kawo kan abokin gaba. Mu faɗi gaskiya duka, kada mu ɗauki rabi.

Bakatsine_KL:
Yaya Ummu, ban ce waliyyi ba ne, kuma ban ce a yi koyi da sana'arsa ba. Tambayata ita ce wa ya hana garin mutuwa.

Injiniya_Bukuru:
Bari in sa baki, don ni jikan mai haƙar kuza ne, kuma sai ka san aikin za ka gane dalilin da ya sa ofiyom ke da kasuwa. Rami ne buɗaɗɗe mai zurfi. Lebura zai rataya sanda a kafaɗa da kwanduna biyu cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya hau gungumen itace da aka sassaƙa wa matakai, ya zubar, ya sauko, ya sake ɗauka, tun safe har rana ta yi zafi. Ruwa na tsattsafowa a ƙasan ramin, sai an yi ta ɗebe shi da wata na'urar katako da ruwa ke juyawa. Sannan a wanke ƙasar a magudana, baƙin yashin kuza ya kwanta a ƙasa don nauyinsa, da dare a narka shi da gawayi. Yawancin leburorin bashi ne ya kawo su: an biya musu kuɗin jirgi daga China, sai sun yi aiki sun fanshi kansu. Shinkafa, gishiri, taba, duk a shagon maigida za su ɗauka a rubuta. Ga zazzaɓi, ga ciwon kumburin ƙafa, ga ba mata ba iyali. Wanda ya shiga wannan hali ya sami abin da zai kashe masa ciwon jiki, da wuya ya bari. To maigidan da ke sayar masa ya san haka sarai. Ban wanke Yap ba. Amma ku sani Turawan Ingila da suka zo daga baya ba su hana ba, haraji suka ɗora a kai, kuma kaso mai tsoka na kuɗin gwamnatinsu a yankin daga ofiyom yake fitowa.

Ummu_Khalil:
Injiniya, laifin Bature ba ya goge laifin Basine. Sun yi tarayya ne kawai.

Injiniya_Bukuru:
Haka ne, Hajiya. Kuma akwai igiyar da ta ɗaure mu da wannan labari. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar kuzarta, sai ta juyo kan Filato. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta kwaso mutane daga lardunan Arewa ana kai su aikin tilas a ma'adinai, sanyi da yunwa suka kashe da yawa. Kakana yana cikin waɗanda aka kawo, daga baya ya zauna bai koma ba.

Sarkin_Yaƙin_Zaure:
To ai shi ke nan, mun zo gida. Wannan tambaya ta wa ya kafa gari, wa ke baƙo, ba ita ce ta Jos ba?

Shugaban_Zaure:
Jama'a a yi haƙuri. Maganar Jos an zubar da jini a kanta, kuma a zauren nan akwai 'yan kowane ɓangare. Ba za mu buɗe ta a ƙarƙashin wannan batu ba. A koma Kuala Lumpur.

Ɗan_Zango_Kumasi:
Gaisuwa ga manya. Ni da na karanta bayanin Kapitan, Sarkin Zango na gani. Sarkin ƙasa ba ya son ya yi ta fama da baƙi ɗaya bayan ɗaya, ba ya jin harshensu, bai san wane ne ɓarawo wane ne mutumin kirki ba. Sai ya ɗauki mutum ɗaya a cikinsu ya ce kai ne idona, in naka sun yi laifi kai zan kama, in haraji ne kai za ka tara. Haka kakanninmu fataken goro suka zauna a Salaga da Kumasi da Accra, haka Sabo ta Ibadan. Baƙo ya sauka, maigida ya ba shi masauki, ya ajiye masa kuɗi, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in an ba shi bashi. Wanda ya fi kowa baƙi a gidansa, shi ke zama babba. Amma duk girman Sarkin Zango, ban taɓa jin ya ce shi ne mai Kumasi ba. Ya san ƙasar ta Asantehene ce.

Malam_Tarihi:
Madalla da wannan, ɗan Zango. Tsarin Kapitan ma ya girmi Yap da ɗaruruwan shekaru, tun zamanin Turawan Fotugal da na Holan a Malacca ana naɗa shi. Kuma shi kansa Yap sai da basaraken Malay, Raja Mahdi, ya zo ya tabbatar masa da sarautar a 1869. Wato ya yarda akwai masu ƙasa a samansa. Inda ya bambanta da Sarkin Zango shi ne yana da mayaƙa, yana da kurkuku, yana yanke hukunci har na kisa. Masu tarihi sun rubuta cewa da 'yan sanda shida kacal yake riƙe garin, don kowa ya san abin da zai biyo baya.

Ɗan_Kurmi:
Kuma Raja Mahdin da ya naɗa shi, shi ya koma yaƙa. Yaƙin basasar Selangor ya fara ne a 1867 tsakanin 'ya'yan sarauta a kan wa zai karɓi harajin kuzar da ke bin kogin Klang. Yap ya bi Tengku Kudin, surukin Sultan Abdul Samad. Abokan gabarsa Sinawa, ƙarƙashin wani Chong Chong, suka bi ɗaya ɓangaren tare da Syed Mashhor. Don haka ba yaƙin Sinawa da Malay ba ne, kowane ɓangare akwai duka biyun. A 1872 KL ta faɗi, aka banka mata wuta, Yap ya tsere ta daji zuwa Klang. A 1873 ya dawo da taimakon mayaƙan Pahang ya karɓe toka.

Bakatsine_KL:
Yawwa, Ɗan Kurmi ya kawo ni inda nake so. Ku dubi abin da ya biyo baya. Ramuka sun cika da ruwa, leburori sun mutu ko sun watse, farashin kuza ya faɗi, shi kansa bashi ya yi masa katutu. Duk mai hankali zai tattara ya koma wani wuri. Shi ya ƙi. Ya ci bashi a Malacca da Singafo da wurin gwamnati, ya lallashi mutane su zauna, ya nemo sababbin leburori, ya ƙarfafa manoman Malay su yi noma kewaye da garin don a sami abinci kusa, ya sare hanyoyi zuwa ma'adinai, ya buɗe masana'antar sarrafa rogo a inda yanzu ake kira titin Petaling. Shekara shida yana bakin tsiyacewa. Sai a 1879 farashin kuza ya tashi, ya biya bashi, mutane suka yi ta kwararowa. A 1880 Turawa suka ɗauke hedikwatar Selangor daga Klang suka kawo KL. Don me? Don akwai garin da za a kawo ta. Frank Swettenham da kansa, jami'in mulkin mallakar Ingila a Selangor, wanda ba son Yap yake yi can ba, ya rubuta cewa naci irin na mutumin nan ne ya riƙe Sinawa a yankin.

Na_Damagaram:
Ya zauna ne don dukiyarsa a ƙasa take, ba ta ɗaukuwa. In ya tafi masu bin sa bashi za su bi shi. Wannan lissafin ɗan kasuwa ne, ba ƙaunar gari ba.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Malam na Damagaram, to wa ya ce lissafi da ƙauna ba sa zama a zuciya ɗaya? Ni kasuwarmu ta taɓa ƙonewa. Wallahi na ga manyan 'yan kasuwa da suka kwashe abin da ya tsira suka koma wani gari, na kuma ga wani dattijo da ya zauna a kan tabarma a gaban ƙonannen shagonsa, da littafin bashi a cinyarsa, yana kiran yaransa ɗaya bayan ɗaya yana ce musu kada wanda ya tafi, za a ba su kaya su fara juyawa. Shi ma ai don kansa yake yi. Amma albarkacinsa layinmu ya dawo. Ba ruwana da abin da ke ransa, abin da na gani shi ne bai gudu ba.

Abu_Sennar:
Salam daga Sudan. Mu nan muna da Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya zauna da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903. Mu muka share wurin, mu muka noma, sunan ma namu ne. Duk da haka har yau akwai mai kallonka ya ce kai baƙo ne. Don haka ina jin zafin da Bakatsine ke ji wa wannan mutum, ko da addininmu da nasa ba ɗaya ba.

Ɗan_Kwari:
Ku kuna ta tausayin na Maleshiya, mu nan na Kano sun hana mu barci. Da can su kawo kaya mu saya mu sayar, yanzu wasu sun shigo har cikin kasuwa suna sayar da ɗai-ɗai a farashin da ba za ka iya ba. Kuma a 2019 fadar Kano ta naɗa musu Wakilin 'Yan China, Mike Zhang, da rawani da komai. Nan da shekara ɗari jikokinsu su ce su suka gina Kwari ke nan?

Ɗan_Zango_Kumasi:
Alhaji, naɗin wakili ai shi ne maganin, ba shi ne cutar ba. In kana da ƙorafi yanzu ka san ƙofar da za ka buga. Kuma ka tuna 'yan'uwanmu suna can Guangzhou suna saye suna lodi, su ma suna da shugabanninsu da ke shiga tsakani in an sami matsala da hukuma. Abin da kake so a yi wa naka a can, shi za ka yi wa na wani a nan.

Ɗan_Kwari:
Namu a can ba a barin su su buɗe shago yadda suka ga dama. A daidaita dokar, shi ne maganata.

Ummu_Khalil:
Mun yi nisa. Bakatsine, kai da kake can, akwai wani abu da ya yi wa talaka wanda ba kasuwanci ba?

Bakatsine_KL:
Akwai, Yaya. Ya gina gidan da ake ajiye leburorin da ciwo ya kayar, ana ba su abinci da wurin kwana, kuma da harajin da ya sa a kan kowane alade da aka yanka ake riƙe gidan. Ya taimaka aka buɗe makarantar Sinawa ta farko a garin a 1884. Bayan gobarar farkon 1881 da ambaliyar ƙarshen shekarar, da Swettenham ya ce a daina gini da katako da kaba, Yap ya kafa wurin gasa bulo, unguwar da har yau ake kira Brickfields. Akwai kuma wurin bautar da ya gina a 1864 don tunawa da ubangidansa da aka kashe a Sungai Ujong, Sin Sze Si Ya. Yana nan a wani lungu bayan manyan shaguna, a karkace yake bai bi layin titi ba. Daga bakin ƙofa kana hango hayaƙin turare ya turnuƙe rufin, ga hoton Yap a gefe an ajiye masa lemo a faranti. Daga nan zuwa Masjid Jamek, da aka buɗe a 1909 a daidai mahaɗar kogunan biyu, tafiyar ƙafa ce kaɗan.

Ummu_Khalil:
Na ji, kuma gidan marasa lafiyar abin kirki ne. Amma waɗanda ke kwance a ciki, aikin wa ya kayar da su? In za a yi maganar wanda aka tauye, ni leburorin nan 87 da dubban da suka biyo su nake gani. Shi ko ba komai yana da titi, yana da hoto, yana da kabarin da ake ziyarta a maƙabartar Kwong Tong. Su fa?

Injiniya_Bukuru:
Wannan magana ta Hajiya ta shige ni.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ya taɓa komawa China kuwa? Iyali fa?

Malam_Tarihi:
Ya yi aure a nan Malaya a 1865, ya haifi 'ya'ya. A 1884 ya fara shirin kai ziyara gida, har ya tsara waɗanda za su kula masa da dukiya, sai tafiyar ta yi ta ɗaguwa. Ciwon ƙirji ya kama shi, ya tsaya a kan maganin gargajiyarsu, ya mutu ranar 15 ga Afrilu 1885 yana da shekara 48. Jirgin ƙasan Klang zuwa KL ya fara aiki a 1886, bai gan shi ba. Kuma tun kafin mutuwarsa Turawa sun fara zare masa iko a hankali: shari'a ta koma hannunsu, 'yan sanda nasu, kasuwar ma sun sa ido a kanta, filayen da yake ganin nasa ne sai da aka yi ta ja-in-ja. Ni matsayina bai canja ba, ƙanena Bakatsine. Garin ba mutum ɗaya ya yi shi ba. Raja Abdullah ya buɗe, Sutan Puasa da su Hiu Siew sun dasa kasuwa, Yap ya hana ta mutuwa, Swettenham ya tsara tituna. In an cire sunan Yap an yi zalunci, in an bar sunansa shi kaɗai ma an yi.

Bakatsine_KL:
Malam, cikin waɗannan duka mutum ɗaya ne ya ci bashi da sunansa don garin ya tashi daga toka. Ban sauka daga nan ba.

Na_Damagaram:
Kuma mutum ɗaya ne ya sayi kawunan mutane a bakin kasuwa. Ni ma ban sauka ba.

Malam_Tarihi:
Bayan Yap Ah Loy Kapitan biyu kawai aka yi, Yap Ah Shak da Yap Kwan Seng, daga 1902 Turawa ba su sake naɗa wani a KL ba. Ɗan Zango, ku a wurinku Sarkin Zango har yanzu yana yin shari'a, ko sarautar ta zama ta hawan salla kawai?

Ɗan_Zango_Kumasi:
Yana yi, Malam, amma ta sulhu. Rikicin aure, rabon gado, faɗan maƙwabta a kan magudanar ruwa, yaron da 'yan sanda suka kama a je a yi belinsa. In abu ya kai jini ko takardar fili, kotu ake tafiya. Lokacin zaɓe kuma 'yan siyasa duk ƙofarsa suke fara zuwa.